Ƙafar Inna da Shirun da Na Yi

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar wata Laraba, tsanin rumbunmu ya karye da Inna. Na san lokacin daidai domin ina zaune ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanmu a Gwandu, na cire agogona na ɗora kan littafi, ina gwada ko zan iya amsa tambaya biyar cikin awa ɗaya. Saura mako bakwai mu yi jarrabawar ƙarshe a kwalejin horon malamai, an sallame mu gida na mako uku mu yi bita.

Na ji ƙarar itace, na ji faɗuwa, na miƙe. Inna na zaune a ƙasa ta dafe cinyarta ta hagu da hannu biyu. Taku huɗu ne tsakanina da ita. Ta dube ni, ta kawar da kai, ta ɗaga murya ta kira ƙanwata da ke can bayan ɗaki tana wanki.

"Luba! Ke Luba, taho!"

Luba ta zo da kumfa a hannu, ta kama ta suka shiga ɗaki, aka saki labule. Ni na tsaya riƙe da biro.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta yabonsa, kuma Inna ta riƙe wannan kunya fiye da duk matar da na sani. Ana yaye ni aka bar ni a Kalgo wurin Kaka Tumba, mahaifiyar Inna, sai da na shekara tara na dawo. Sunana Rakiya, amma a bakin Inna ni "waccan" ce. Luba kuwa, wadda na ba shekara huɗu, a kwano ɗaya suke cin tuwo, a kan cinyar Inna take kwantar da kai a yi mata kitso. Na san al'ada ce. Sanin bai taɓa rage mini komai ba.

Ina rubuta wannan ne saboda masu ajiye kafso a gefen zane, da kuma masu gani su yi shiru, irina.

A makon farko abin bai kai a kira shi ciwo ba. Luba ta ce ƙusar tsanin ce ta yage ta sama da gwiwa. Ta wanke da ruwan zafi da gishiri, ta je wurin mai tallar magani a tire, wanda ke zama kusa da masu albasa, ta sayo kafso goma, mai ja da rawaya. Ta fasa ɗaya ta barbaɗa garin a kan ciwon, Inna ta haɗiye ɗaya da safe, ɗaya da yamma. Kwana uku zafi ya tafi. Inna ta ƙulle sauran a gefen zaninta, ta ba maƙwabciyarmu biyu saboda ɗanta na zawo.

A darasin kiwon lafiya an koya mana cewa irin wannan magani ba a yanke shi don an ji sauƙi, sai an cika kwanakinsa. Yana cikin littafina, na ja masa layi da jan biro. Da yamma ana cin tuwo na buɗe baki zan faɗa, sai na ji Inna na ce wa Baba:

"Malam, ka ga ɗiyar ga tawa likita ce. Kwana ukku ta tashe ni."

Luba ta yi fari da ido. Na mayar da maganata ciki tare da lomar tuwo. Na ce a raina, to, likita ta yi ta aikinta.

A mako na biyu ciwon ya dawo da zazzaɓin yamma. Inna ta fara jan ƙafa. Aka kwance gefen zane aka sha abin da ya rage, bai yi komai ba. Luba ta koma ta sayo mai ja da baƙi, aka sha kwana biyu aka bari, don Inna ta ce yana tayar mata da zuciya. Daga nan shawarwari suka fara shigowa tare da masu gaisuwa. Wata gwaggonmu ta ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son allura, ana yi masa zai fashe. Wata ta kawo garin ganye a ƙunshi. Wani abokin Baba ya ce shi da allurar kemis ya warke, don haka aka kira mai kemis ya yi wa Inna allura kwana uku a ɓoye, kada gwaggo ta ji. Bayan allurar aka sayo farin kafso.

Duk wannan ina rubutawa a bayan littafin lissafina: rana, launin kafso, guda nawa aka sha, yaushe aka daina. Ba don taimako nake rubutawa ba. Shaida nake tarawa, don ranar da abin ya ƙi in buɗe in ce ga aikin likitarku.

A mako na uku wari ya fara fitowa daga ɗakin, ana rufe shi da turaren wuta. Tsoro ya kama ni. Na tare Luba a bakin murhu.

"Bari in shiga in ga ciwon nan."

"Inna ta ce kar a gwada miki."

"Ni ta ce?"

"Ke ta ce. Tahi ki yi karatunki, Malama, mu jahilai mun iya."

Da wasa ta faɗa, har da dungure mini kai. Ni kuwa na koma ƙarƙashin darbejiya na zauna awa biyu a kan shafi ɗaya. Maƙwabta sun ga ciwon, gwaggo ta gani, har mai kemis da ba muharraminta ba ya gani. Idona ne kaɗai ba a so.

Ana gobe zan koma makaranta, da hantsi, Kaka Tumba ta sauka daga mota da ƙunshinta. Labari ya kai mata Kalgo. Tun daga zaure ta fara faɗa.

"Ku duk gidan ga ba mai hanci? Ke 'yar boko, karatun ya toshe miki shi?"

Ta shige ɗaki, ta yaye labulen gaba ɗaya, ta yaye zanen. A lokacin na gani. Cinyar ta kumbura ta yi biyun ɗayar, tana ƙyalli, bakin ciwon ya yi baƙi da garin ganye, ruwa na tsattsafowa ta gefe. Inna ba ta ma san an buɗe ta ba. Jikinta kamar an sauke tukunya.

Baba ya samo a-kori-kura, muka shimfiɗa katifa a baya. Mun isa asibitin birni kafin azahar, ba mu ga likita ba sai bayan la'asar. Layin kati daban, layin benci daban, kuma da aka zo kanmu aka ce katin ya ɓace, na sake komawa layi. Inna na kwance a baranda, Luba na yi mata fifita tana kuka, mutane na cewa Allah sarki, ɗiya mai tausayi.

Likitan wani siririn saurayi ne mai Hausar Kano. Ya duba ciwon da kyau. Sannan ya tambayi wane magani aka sha.

"Mai ja da rawaya," in ji Luba. "Sannan… mai baƙi. Ko fari ne ya riga?"

"Guda nawa? Kwana nawa?"

Na ciro littafin lissafina na buɗe bayansa na miƙa masa. Ranar da na yi mako uku ina jira ke nan. Ya karanta har ƙasa, ya ɗago.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Aiki ya yi kyau. Kin taimake ni ƙwarai. Kin san ba a yanke irin wannan magani?"

"Na sani."

"To me ya sa ba ki hana ba?"

Bai jira amsa ba, ya juya yana kiran nas.

Ga abin da ya gaya wa Baba, kuma ban manta ko kalma ɗaya ba: "Malam, maganin da aka sha rabi ba kashe cuta yake ba, horar da ita yake. Raunanan ƙwayoyin cutar sun mutu, masu taurin sun rage, yanzu sun san ja da rawaya, sun san ja da baƙi. In abin nan ya shiga ƙashi, maganar da za mu yi ta yanke ƙafa ce."

Aka kwantar da ita. Aka tsaga wurin aka kwashe mugunya kusan cike da kwanon sha. Likita ya ɗebi kaɗan a kwalba ya ce sai an kai Sakkwato a gwada a ga wane magani ne cutar ba ta saba da shi ba. Baba da kansa ya kai, ya riƙe kwalbar a aljihun gaba kamar ƙwai. Aka ce a dawo bayan kwana tara. Na aika wa makaranta takarda cewa zan makara.

Kwana taran nan su ne mafi tsawo. Ana yi mata wata allura ta jiran sakamako, zazzaɓi ya sauka da safe ya hau da yamma. Kullum likita na zana layi da biro a bakin kumburin, kullum washegari kumburin ya tsallake layin. A gadon da ke kusa akwai wata mata daga Dangoma, ƙayar kifi ce ta soke ta a hannu. Mijinta ya nuna mini ragowar kafsonta a cikin gwangwanin madara, launukan namu ne sak. An yanke hannun ranar Talata, ta rasu ranar Juma'a. Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta ce mini tana naɗe katifar: "Wata ba ya ƙarewa ban ga irin wannan ba. Daga Kalgo, daga Dodoru, daga ko'ina. Wani ma bai taɓa shan rabin magani ba, cutar da wasu suka horar ce ta same shi."

Kuna tsammani ganin mutuwa ya wanke mini zuciya? Bai wanke ba. Aiki ya rabu da kansa: Luba a gefen gado, tana ba Inna kunu a cokali, tana ba ta labarin gida. Ni a layin magani, ni a bakin famfon da ba ya kawo ruwa sai ya ga dama, ni a wankin tsumma da kwanon kashi a bayan ɗaki. 'Yan dubiya su zo su sa wa Luba albarka, su tambaye ni ina za su ajiye kwano. Inna ta buɗe ido, ni ce a tsaye a kanta, ta ce, "Ina Luba?" Wata rana na ƙirga. Sau talatin da ɗaya ta kira sunan daga safe zuwa magariba. Na rubuta a littafin, ƙasa da zafin jikinta.

Sakamako ya wuce kwana taran da aka ce, bai zo ba sai a mako na shida. Takarda ce mai sunayen magani bakwai, likita ya bi shida ya soke da biro a gabanmu. Ɗaya ya rage. Allura ce sau uku a rana, babu ita a asibitin, sai Sakkwato. Baba ya sayar da albasar da ya ajiye yana jiran ta yi daraja. Likita ya ce nas biyu ne a kan ɗaki duka, don haka yana son mutum ɗaya mai agogo, mai iya karatu, wanda zai riƙe kwalaben, ya kawo a kan lokaci, ya tsaya har a yi. "Ko sau ɗaya kada a tsallake. Bayan wannan ba mu da wani."

A baranda Baba ya ce mini, "Rakiya, saura kwana goma sha ɗaya jarrabawarki. Ki koma. Za mu san yadda muka yi."

"Ba zan koma ba, Baba."

Ban taɓa musa masa ba sai ranar. Ya dube ni, ya dubi agogon hannuna.

Ina da ƙorafi a kan asibitin nan, mai yawa. Amma Sista, duk inda take, Allah Ya saka mata. Ita ta koya mini wanke ciwo, ta koya mini dafa almakashi, kuma ita ce ta ce wa Inna kai tsaye, "Baiwar Allah, kunya a gida aka bar ta. Wannan ce za ta riƙe ƙafar." Tun daga ranar ni ke riƙewa. Inna takan ja mayafi ta rufe fuskarta ruf daga farkon wankin har ƙarshe. Ƙafar uwata a hannuna, karo na farko da na taɓa jikinta tun da na yi wayo, ita kuwa ta juya wa bango fuska, hannunta cikin na Luba.

Ranar da aka fara jarrabawa, ƙarfe tara daidai, ina riƙe da kwanon ruwan gishiri. Na duba agogo. Na ga 'yan ajinmu a raina suna buɗe takarda, har da waɗanda ni ke koya musu lissafi. Su ma na yi kishinsu, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu.

Kwana huɗu da fara sabuwar allurar, kumburin ya tsaya a kan layin biro. Kwana bakwai ya ja baya. A mako na takwas likita ya matsa cinyar, ya lanƙwasa gwiwar, ya ce, "Ƙafa ta tsira. Gwiwar ba za ta koma kamar da ba, amma tata ce." Baba ya fita waje da sauri. Luba ta rungume Inna. Ni na rubuta lokacin: goma da kwata.

Aka sallame mu zuwa Kalgo, gidan Kaka, don ya fi kusa da asibiti, da sharaɗin wankin ciwo da wani magani na sha har mako huɗu. Kwana shida da komawarmu na ga Inna na lallaɓa gefen zaninta. Na tsaya a kanta da kofin ruwa. Ta dubi Kaka, wadda take kira Iya.

"Iya, hwaɗa ma waccan na warke. A aje sauran saboda wata rana."

"Kaka, gaya mata saura kwana ashirin da biyu."

"Iya, ce mata ɗaci gare shi."

"Kaka, ce mata ina nan tsaye."

"Kai, ni Tumba!" in ji Kaka. "Gidan waya kuka maishe ni? Ga ku ga juna! Ke haɗiye, ke kuma dogarin asibiti matsa ki ba mu iska."

Ta haɗiye. Haka muka yi har kwana ashirin da biyun suka cika, ban bar ƙwaya ɗaya ba.

Wata rana muna tsinkar zogale da Luba, sai ta fashe da kuka, ta ce ita ta kusa kashe Inna. Na daɗe ina son jin ta faɗi haka, amma da ta faɗa ban ji daɗin komai ba. Na gaya mata gaskiya: tun kwana na uku na san kuskure ne, na yi shiru saboda an kira ta likita. Ta share ido ta dube ni.

"Yaya Rakiya, da kin hwaɗa mani ai da na ji. Wa nika ji in ba ke ba?"

Ga abin da nake roƙon mai karanta wannan. Kada ka sayi kafso da launi. Kada ka fasa shi a kan ciwo. In likita ya ce kwana bakwai, to bakwai ne, ko ka tashi kana gudu a na uku, kuma ragowarka ba sadaka ba ce ga maƙwabci. Ciwon da ya kwana uku yana ƙara zafi, a kai shi asibiti tun yana ƙarami. In kuma ka san abu, ka faɗa, ko ba kai ake so a gidan ba. Inna na sallah a zaune har yau. Ni na maimaita shekara guda cur kafin na zauna jarrabawar.

Saura abu ɗaya da ya tsaya mini. Ranar da za mu koma Gwandu, da safe, Inna na zaune kan tabarma ta miƙe ƙafar, Kaka na gefe tana kaɗa nono, Luba ta tafi neman mota. Na gama naɗa bandeji. Maimakon in tashi kamar kullum, sai na zauna. Wannan karon ban bi ta bakin Kaka ba.

"Inna, kowa ya ga ciwon nan. Me ya sa ni kaɗai kika ce kada a nuna mini?"

Kaka ta tsayar da maburgi. Inna ta ja mayafi, ta juya fuska ga bango. Na ɗauka ba za ta amsa ba, har na fara tattara almakashi. Sai na ji muryarta ƙasa ƙasa.

"Iya, hwaɗa ma waccan, Luba in ta gani kuka za ta yi ta sawo kafso. Ita kau in ta gani aje littahi za ta yi, na san halinta. Shi ya sa na ce a ɓoye mata har ta koma. Ƙahwa biyu gare ni, in guda ta lalace da sauran guda. Mai karatu kau guda Allah Ya ba ni."